Injin kamiyo ya kwanta: kafin Alhaji ya ɗauki kuɗi ya nufi kasuwar piyas



Maganar yau ta masu manyan motoci ce, amma ba su kaɗai ta shafa ba. Kamiyo guda in ya tsaya, ku ƙirga gidajen da tukunyarsu ke tsayawa tare da shi: gidan mai motar, gidan direba, yaran mota biyu, ƴan dakon da ke lodi, mai albasa a Galmi da ke jiran a kwashe masa buhuna kafin zafi ya cinye su. Da yawa cikin motocin nan kuma bashi ne, ko na banki ko na wani ɗan uwa da ya ba da amana. Koken da muke yawan ji daga masu saurarenmu iri ɗaya ne: an sauke inji, an kashe kuɗi masu ciwo, an ɗaura, an yi wata uku ko huɗu, inji ya sake kwanciya. Mai mota ya ce makanike ne, makanike ya ce mai piyas ne, mai piyas ya ce direba ne, direba ya ce ƙaddara ce. To, ƙaddara gaskiya ce, mun yarda. Amma akwai abin da ke hannunmu, shi za mu taɓa yau.

Mu fara da faɗa wa kanmu yadda muke aiki da motocin nan. Dokar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙayyade nauyin da kowace mota za ta ɗauka, kuma tirela mai aksil shida ba ta wuce tan 51 gaba ɗaya, har da nauyin ita kanta motar. Kowa ya san abin da muke ɗorawa. Da an ɗora fiye da ƙima, direba ya ce mota ba ta ja, sai a kai ta wurin mai pampo a ce ya "buɗe mata wuta", wato a ƙara yawan gazuwal da ke shiga silinda. A tsofaffin Marsandi da Howo masu pampon hannu da kile ake yi, a Actros kuma da kwamfuta. Mota takan ƙara ƙarfi kam, babu musu, har direba ya riƙa wuce ƴan uwansa a hawa yana danna oda. Sai dai gazuwal ɗin da aka ƙara, zafi ne aka ƙara a kan fistan. Ga watan Afrilu da Mayu da rana ke wuce digiri 40 a inuwa, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Injin da ke aiki cikin wanga hali, in aka tashi gyara shi, piyas ɗin da za a sa masa sai ya zama na ƙwarai sosai, don ba shi da sauran sarari na yafe kuskure.

Abu na farko da muke roƙon masu motoci: kar a sayi ko ƙusa ɗaya kafin a san abin da ya kashe injin. Gaggawa ce ke cin mu a nan. An buɗe, an ga fistan ya narke, an aika yaro ya sayo fistan. Mi ya narkar da shi? Fistan sanholo ne, kuma sanholo sai ya kai wajen digiri 660 yake narkewa. Ba haka kawai yake kai wa nan ba. In kan fistan guda ɗaya ne ya ci wuta sauran lafiya lau, a binciki anjektar wannan silinda, mai yiwuwa zuba gazuwal take yi kamar famfo maimakon ta fesa shi kamar hazo. In duka fistan ɗin sun goge a gefe sun manne da shamiz, ruwa ne ya gaza, a dubi radiyata da famfon ruwa da murfin radiyata. In segman sun cinye, shamiz ya yi sumul kamar madubi, bakin turbo ya yi kamar an bi shi da yashi, ƙura ce ta shiga, ko ta filtar iska ta banza ko ta wani tiyo da ya tsage ba a lura ba. In kuwa kusine ne ya ƙone har bilbirikan ya yi shuɗi, mai ne ya yanke. Mataccen inji yana faɗin abin da ya kashe shi, in an samu mai haƙurin dubawa. Duk wanda ya sa sabon fistan ƙarƙashin anjektar da ta narkar da tsohon, ya shirya sayen na uku.

Yanzu mu shiga kasuwa. Kalmar da ta fi kowace wahala a bakinmu ita ce "orijin". Kowane mai shago orijin yake saidawa, ba mu taɓa jin wanda ya ce nasa jabu ba ne. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kamfanonin da ke ƙera motoci ba su ne ke ƙera kowane ƙarfe da ke cikin injinsu ba. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan. Mahle da Kolbenschmidt na Jamus suna yin fistan da shamiz, Goetze na yin segman, Glyco na yin kusine, Elring da Victor Reinz na yin juwan, Bosch na yin pampo da anjekta, Garrett da Holset na yin turbo. Su ke kai wa masu ƙera motoci, kuma suna saida irin kayan cikin kwalinsu, sau da yawa a farashin da bai kai na kwali mai tambarin motar ba. Saboda haka wanda bai da ƙarfin sayen mai tauraro, bai faɗi ƙasa ba in ya samu na waɗannan, muddin na gaske ne.

A nan gizo ke saƙa. Sunan da ya yi kyau shi ake kwaikwayo, kuma a cikin kaya duka babu abin da ya fi kwali sauƙin kwaikwayo. Mai injin buga takarda zai yi maka kwali da launi da tambari da ɗan abin nan mai ƙyalli, ka rantse daga Jamus ya sauka. Don haka mu daina sayen kwali. A buɗe, a fito da ƙarfen, a ajiye shi kusa da tsohon da aka ciro daga injin. A dubi lambar da aka zana a jikinsa, ta dace da ta kwali? A dubi ramin da ke kan fistan, faɗinsa da zurfinsa ɗaya ne da na tsohon? Fistan ɗin babban injin gazuwal yana da wani zobe na baƙin ƙarfe da aka zuba a cikin sanholon, daidai inda segman na farko ke zama, don wurin ne ya fi shan duka. Ana ganinsa da ido, launinsa ya bambanta. In babu shi, ko fenti aka shafa don a yi kama, a ajiye a yi gaba. Sannan a ɗora a sikeli, ko da na mai saida nama ne in yana nuna giram. Fistan shida na inji ɗaya ya kamata nauyinsu ya zo kusan daidai. Mu da muke ganin maƙeranmu na narkar da tsofaffin fistan suna zuba tukwane da ludaya, mun san zuba sanholo ba wuya gare shi ba. Tukunya tana lafiya da kowane irin haɗi. Fistan da zai yi sama da ƙasa sau dubu da ɗaruruwa a minti ɗaya cikin wuta, sai haɗin da aka auna.

Akwai kuma lissafin da kowa zai iya yi a kansa. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Kayan da ake saidawa yuro 100 a Turai, kuɗinsa ya kai jikka 65 da ƴan kai tun bai hau jirgin ruwa ba, ba a biya duwan ba, ba a biya mota daga tashar ruwa ba, mai shago bai ɗora ribarsa ba. In wani ya miƙo maka shi a jikka 30 ya ce ɗan Jamus ne, ka tambaye shi wa ya cika sauran. Haka ma a Kano. Tun da naira ta faɗi daga 2023, ƴan Maraɗi da yawa na ganin in sun canza sefa sun shiga Ƙofar Ruwa komai ya yi araha. Abin da aka yi a Najeriya yakan yi araha, gaskiya ne. Amma piyas ɗin da aka shigo da shi daga waje da dala aka saye shi, faɗuwar naira ba ta rage masa kuɗi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Sai mu gyara wata magana da ta zama kamar zagi a garejinmu, wato "ɗan Cana". Jama'a, Howo ɗin da ta cika hanyoyinmu, kamfanin Sinotruk ne ke yin ta a birnin Jinan. Injinta WD615, mai silinda shida da lita 9.7, wanda aka fi sani da 371, orijin ɗinsa ɗan Cana ne, ba shi da wani. A can ana yin mai kyau ana yin na banza, ya danganta da abin da ɗan kasuwarmu ya je ya ce a yi masa da kuɗin da ya ajiye. Shi kansa Mahle yana da masana'antu a Barazil da Indiya da Cana. Sunan ƙasa kaɗai ba ya gaya maka komai. Abin tambaya shi ne wane kamfani ya yi, kuma ta hannun wa ya biyo har ya iso shagon.

Inda muka fi so a tsaya a natsu shi ne bilbirikan da kusine, wanda mutanen Kano ke kira kirankishaf da metal. Tsakanin wuyan bilbirikan da kusine akwai ɗan sarari da mai ke shiga ya raba ƙarfe da ƙarfe. Sararin nan bai wuce kaurin gashin kai guda ba, ko guda da rabi, wajen 0.05 zuwa 0.10 na milimita a yawancin injinan. In ya matse, mai ba ya shiga, kusine ya ƙone. In ya buɗe, mai ya zube, ƙarfinsa ya faɗi, inji ya fara ƙwanƙwasa. Wannan ba abin da ake aunawa da yatsa ba ne, ko da makanike ya shekara talatin yana aiki. Akwai ma'aunin da ake kira palmer, shi ke faɗa. Garejin da ba shi da shi, ko ba ya zuwa aro, bai kamata a ba shi sauke injin tirela ba, ko da ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

In wuyan ya karce, ana kai shi wurin masu tur su goge. Gugar tana da matakai: 0.25, 0.50, 0.75, har 1.00, gwargwadon abin da mai ƙera injin ya yarda. Kowane mataki da kusinensa. Tsarin da ya dace shi ne a auna, a tabbatar akwai kusine na ƙwarai na wannan mataki a kasuwa, sannan a goge daidai da shi. Mu kuwa sau da yawa baya muke farowa. Ga kuma wani tarko ga masu sayayya a tsallaken iyaka: a wasu kwalaye za ka ga 010 ko 020, awon inci ne, kusan daidai da 0.25 da 0.50 namu. Makanikenmu na kiran kaya da Faransanci, mai shagon Kano da Ingilishi, yaron da aka aika ba ya jin ko ɗaya sosai, kuma ta waya ake ciniki. A rubuta a takarda, a haɗa da tsohon piyas ɗin a leda, a ɗauki hoton farantin lambar injin. Lambar injin, ba sunan motar ba. Marsandi OM 422 da OM 442 duka V8 ne, ido ba ya raba su da sauri, kuma cikin dangin nan akwai mai turbo akwai marar turbo, fistan ɗinsu ba ɗaya ba ne. Motocin da ke zuwa mana ma sun sha hannu, wata an canza mata inji tun kafin ta bar Turai.

Bilbirikan da ya yi shuɗi saboda zafi, a sa a duba shi ko ya tsage ko ya lanƙwashe kafin a ɓata kuɗin guga. Wanda kuma aka yi wa walda aka cike aka goge, mu dai ba za mu ba kowa shawarar ya ɗora masa tan arba'in ya shiga daji da shi ba. Gara okaziyo mai lafiya da aka auna.

Akwai ƙananan abubuwan da ake tsallakewa lokacin da aljihu ya fara sanyi, kuma su ne ke dawowa su ci babban kuɗin. Kusoshin kulas da na biyal a injinan zamani ana ɗaure su har su ɗan miƙe, haka aka tsara su. Littafin injin yana faɗin iyakar tsawon da in ƙusa ta wuce shi sai a jefar. Ana ɗaurewa da kile mai awo, bi da bi, ba da dogon bututu da ƙarfin yaran gareji uku ba. Famfon mai da ya sha garin ƙarfen kusinen da ya ƙone, a buɗe shi a duba, in da shakka a canza. Abin sanyaya mai, shi ma garin ƙarfe na maƙalewa a lungunansa inda wanki ba ya kai wa, ran da aka tada sabon inji sai ya sako shi kai tsaye cikin sabon kusine. Ƴan bututun da ke fesa mai ƙarƙashin fistan don sanyaya shi, in ɗaya ya toshe ko ya karkace, wannan fistan ɗin ya tafi. Anjekta duka a kai su wurin gwaji a ga feshinsu da ido. Turbo kuwa yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, kuma man injin ne ke riƙe da shi, saboda haka dattin da ya kashe kusine ya ratsa ta cikinsa shi ma.

Ga shamiz mai jiƙa, irin na Actros, wanda ruwa ke taɓa bayansa kai tsaye, robobin da ke ƙasansa kar a kuskura a sa na araha. Kuɗinsu kaɗan ne, amma in ɗaya ya saki, ruwa ya gauraya da mai, sai an sake sauke komai. Bakin shamiz ɗin kuma yana ɗan ɗagowa sama da fuskar bulok da kaurin da littafi ya faɗa, shi ke sa juwan kulas ya kama. A nan ma awo ne. Da muka zo kan ruwa, bari mu faɗi wannan ko da za a ji haushinmu: ruwan rijiya da muke ɗurawa a radiyata, mai gishiri da kanwa, yana toshe ta a hankali yana cin bayan shamiz. Cire kalorista da ake yi wai don ƙasarmu da zafi, ba ya gyara toshewar radiyata, ɓoye ta kawai yake yi zuwa wani lokaci.

Wasu za su ce to ai gara a sayi inji okaziyo gaba ɗaya a huta. Wani lokaci haka ne, musamman in bulok ya fashe. Sai dai bayan Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil, kayan da ke zuwa ta Kwatano sun yanke, akasari sai ta Lome a ratso Burkina cikin ayari da rakiyar soja, ko ta Najeriya. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru. Kuma injin da aka wanke da gazuwal aka fesa masa fenti, ba ka san kilomita nawa ya ci ba. In za a saya, a yi sharaɗi a gaban shaidu cewa za a buɗe kartar ƙasa a duba kusine kafin a biya cikon kuɗi. Mai kaya na ƙwarai ba ya ƙin wannan. Wannan maganar ayarin ma ita ce ta sa muka ce batun ya wuce kuɗi. Motar da ta lalace tsakanin Konni da Madawa, an yi asara, an kwana a bakin kwalta, an kira wata ta kwashe kaya. Motar da ta lalace a inda ayari ba ya tsayawa jiran kowa, ko a hamada bayan Agadas, direba da yaransa ne a ciki, ƴaƴan mutane.

Sai zancen da ba a son yi a fili, na la'ada. Wani makanike in ya kai ka shago, akwai nasa a ciki, kai ba ka sani ba, kuma shagon da ya fi ba shi ba lallai shi ne ya fi kaya mai kyau ba. Ba duka ba, Allah ya sani, akwai masu tsoron Allah da yawa, mun san waɗanda ke mayar da piyas su ce ba za su ɗaura shi da hannunsu ba ko za a fasa aikin. Amma mu ma masu motoci muna da namu laifin. Mutum zai kashe miliyoyi a kaya, in aka zo kuɗin hannu sai ya tsaya yana ja kamar cinikin tumatir. Wanda ka matse a nan, zai nemi cikon a can. A biya makanike haƙƙinsa da kyau, a je kasuwa tare da shi, mai mota ya biya da hannunsa, a karɓi takarda mai sunan kamfanin kayan da lambarsa, a yi magana a kan mayarwa in bai dace ba tun ba a ɗaura ba. In kuɗin bai kai ba, a rage a wurin fenti da fitilu da kujerar direba, ko motar ta ƙara sati biyu a gareji. Fistan da segman da shamiz kuma a saye su kit guda daga kamfani guda, kar a tsinto kowane daga shagonsa.

Ranar da aka tada injin, a sa ido a kan agogon mai kafin komai, in bai tashi cikin ƴan daƙiƙu ba a kashe. Kar a bar shi yana ta gunaguni a tsaye yini guda wai rodaji ake yi, segman ba sa zama da kyau sai da ɗan nauyi. A yi tafiyar farko da kaya madaidaici, Maraɗi zuwa Damagaram ma ta isa gwaji, kuma pampon da aka buɗe a mayar da shi yadda mai shi ya tsara. In an dawo a yi bidanji da wuri, kar a jira lokacin da aka saba. Tsohuwar filtar mai kuma kar yaro ya jefar da ita bayan gareji. A yanka ta, a baje takardar cikin a rana, Alhaji da makanike su duƙa su duba tare. Ɗan ƙyalli kaɗan a bidanjin farko ba abin tsoro ba ne. In kuwa aka ga ɓarɓashi mai launin jan ƙarfe ko guntaye da yatsa ke ji, kar a yi lodin Abijan, a sake buɗe kartar tun motar tana gida.